Zaɓen Makarantar Ƙasa da Ƙasa ga 'Ya'yan Mazauna Ƙetare

Makarantar ƙasa da ƙasa ita ce wadda ke koyar da manhajar wata ƙasa dabam da wadda take zaune a cikinta, galibi kuma da harshen da ba na mutanen garin ba. Buƙatar ma'aikatan da aiki ya raba da gida ce ta haife ta. A 1924 aka buɗe ta birnin Jeniba a Suwizalan, domin 'ya'yan ma'aikatan Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, da na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. A shekarar ce kuma aka buɗe wata a Yokohama ta ƙasar Japan. Damuwar iyayen lokacin ita ce ta iyayen yau: yaron da aka ɗauko daga wata ƙasa, kuma za a sake ɗaukarsa zuwa wata bayan shekara uku ko huɗu, yaya za a yi karatunsa ya ɗore ba tare da ya riƙa komawa baya a kowace ƙaura ba?

Harkar ta bunƙasa ƙwarai tun daga nan. Kamfanin ISC Research, wanda ke bibiyar alƙaluman irin waɗannan makarantu, ya ƙirga kimanin 2,500 a shekarar 2000; yanzu masu koyarwa da Turanci kaɗai sun haura 14,000, da ɗalibai wajen miliyan 7. Mafi yawan ɗaliban ma ba baƙi ba ne, 'ya'yan masu hali ne na ƙasashen da makarantun suke. Manyan kamfanoni irin su GEMS na Dubai da Nord Anglia da Cognita suna riƙe da makarantu da dama a ƙasashe daban-daban, kuma kasuwanci suke yi. Babu wata hukuma ta duniya baki ɗaya da ke da ikon hana mai makaranta rubuta "ƙasa da ƙasa" a allon ƙofarsa. Saboda haka sunan bai gaya wa iyaye komai ba.

Ba kowane mazaunin ƙetare ne wannan zaɓi ke hawa kansa ba. Iyalin da suka sauka a Ingila ko Kanada ko Amurka kan sa 'ya'yansu a makarantar gwamnati ta unguwa, kyauta, cikin harshen da yaran suka riga suka sani. Inda abin ke zama tilas shi ne ƙasashen da makarantun gwamnati ke koyarwa da harshen gida, ko suke taƙaita gurbin baƙi. Likitan da ya tashi daga Kano ko Zariya zuwa wani asibiti a Riyad, injiniyan da ke Doha, ɗan kasuwar da ya zauna a Dubai ko Guwanzu, jami'in jakadanci daga Abuja ko Yamai da aka tura wani babban birni na Asiya, duk sukan iske kansu a gaban wannan tambaya cikin makonnin farko na isarsu, kuma sau da yawa a gurguje suke amsa ta.

Manhaja, da ƙofar da take kaiwa

Tambayar da ta kamata ta zo farko ita ce inda ake sa ran yaron zai kasance idan ya kai shekara 18, da kuma inda iyalin za su nufa idan kwangilar aiki ta ƙare. Amsar ita ke nuna manhaja, manhaja kuma ita ke tace makarantu. Wanda ya fara da kallon gini da wurin iyo, daga baya yake tambayar jarrabawar da ake zanawa, ya fara gini daga rufi.

Tsarin Ingila shi ne ya fi yaɗuwa, kuma shi ya fi kama da abin da ɗan Najeriya ya saba da shi. Ɗalibi kan yi shekara biyu yana shirin jarrabawar IGCSE, wadda Cambridge ta fara shiryawa a 1988, ya zana ta yana kimanin shekara 16 a darussa takwas ko tara. Daga nan sai shekara biyu na matakin A, inda yake riƙe darussa uku ko huɗu kacal ya zurfafa a cikinsu. Tsarin na yi wa yaron da ya san inda ya dosa daɗi. Wanda ke son likitanci zai ɗauki kimiyyar halittu da ta sinadarai da fizis ya duƙufa. Amma yaron da bai tantance kansa ba yana shekara 16 na iya rufe wa kansa ƙofofi ba da saninsa ba, domin darasin da ya ajiye a lokacin ba ya dawowa cikin sauƙi.

Tsarin IB, wanda aka kafa a Jeniba a 1968, shi ne wanda aka ƙirƙira musamman saboda yara masu yawan ƙaura. Difilomarsa ta shekara biyu ce. Ɗalibi na ɗaukar darussa shida daga rukunai daban-daban, har da harsuna biyu da lissafi da kimiyya, uku daga cikinsu a mataki mai zurfi. Kowane darasi makinsa daga 1 zuwa 7 ne. Akwai kuma darasin nazarin yadda ake sanin abu, da dogon rubutun bincike mai kalmomi har 4,000, waɗanda ke ƙara maki 3, jimilla 45, kuma ba a ba da difiloma ƙasa da maki 24. Ana buƙatar ɗalibi ya yi hidimar al'umma da wasanni da wani aikin fasaha. Tsari ne mai faɗi da nauyi, yana horar da yaro kan rubutu da muhawara fiye da sauran. Sai dai yana da wani tarko da iyayen masu son likitanci ba su cika lura da shi ba: yadda aka tsara rukunan, darussan kimiyya biyu ake iya haɗawa a bisa al'ada, ɗaukar uku sai da izini na musamman, alhali jami'o'i da dama a Najeriya da Indiya ukun nan suke nema. Ya kamata kuma a sani cewa makaranta na iya samun izinin koyar da difilomar kaɗai, ba ta da na matakin firamare da IB ta fito da shi a 1997 ko na tsakiya na 1994, amma ta manna tambarin a kowace takarda.

Tsarin Amurka ba shi da babbar jarrabawa guda ta ƙarshe. Makin da ɗalibi ya tara a shekaru huɗun ƙarshe shi ne sakamakonsa, makarantar ce kuma ke ba da shaidar kammalawa. Wannan ya sa darajar takardar ta rataya kacokan a kan hukumar da ta tantance makarantar. Ɗaliban da ke neman jami'o'i masu gasa, ko na wajen Amurka, kan ƙara da jarrabawar AP mai maki 1 zuwa 5, da SAT. Tsarin na da sassauci ga yaron da aka kawo a tsakiyar sakandare, tunda ana iya lissafa masa abin da ya riga ya karanta.

Ga iyalan Nijar da Chadi da Kamaru da suka taso da Faransanci, makarantun Faransa sun fi kowanne sauƙin ƙaura. Hukumar AEFE, da aka kafa a 1990, tana kula da makarantu sama da 500 a ƙasashe fiye da 130, dukkansu da manhaja ɗaya da tsarin azuzuwa ɗaya har zuwa bakaloriya. Yaron da ya bar aji a Dakar zai iske kusan babin da ya bari a Abu Dabi. Akwai kuma makarantun Indiya masu bin hukumar CBSE, waɗanda suka cika ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha. Suna da arha, suna da ƙarfi a lissafi da kimiyya, shi ya sa iyalai 'yan Afirka masu matsakaicin albashi ke kai 'ya'yansu can. Amma azuzuwansu kan cika, kuma shekararsu a watan Afrilu take farawa.

Iyalin da ke da niyyar mayar da yaro jami'a a Najeriya suna da nasu lissafin. Ana neman kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci da lissafi, sannan jarrabawar JAMB, wadda hukumar kan shirya a wasu cibiyoyi na waje, ciki har da Jidda da Landan. Mai sakamakon matakin A na iya neman shiga aji biyu kai tsaye. Wanda kuma ke hangen Ingila ya san cewa fasfo kaɗai ba ya ba ɗalibi damar biyan kuɗin 'yan gida. Ana duba ko ya zauna a ƙasar shekaru uku kafin fara karatun.

Lokacin ƙaura da rikicin aji

Akwai shekarun da ɗaga yaro ba shi da wata illa babba, akwai kuma waɗanda ɗaga shi ɓarna ce. A firamare yara kan warware cikin zango ɗaya ko biyu. Amma shekaru biyun IGCSE, da biyun matakin A ko na difilomar IB, kowannensu dunƙule ɗaya ne. Ko da sabuwar makarantar tsarin Ingila take bi, tana iya kasancewa da hukumar jarrabawa ta Pearson Edexcel take aiki ba Cambridge ba, littattafan adabin da aka zaɓa sun bambanta, wani darasin ma ba a koyar da shi sam. Makarantu da yawa ba sa karɓar ɗalibi a shekara ta biyu ta irin wannan zango, sai dai ya maimaita ta farko. Shi ya sa wasu iyalai kan gwammace uwa ta tsaya da babban yaro har ya zana jarrabawa, uba ya yi gaba.

Sai batun ajin da za a sa yaro, wanda ke jawo ɓacin rai a ofishin karɓar ɗalibai fiye da komai. Ingila na fara ƙirga aji na 1 daga shekara biyar, Amurka daga shida, don haka abin da makarantar Ingila ke kira aji na 7 shi ne na 6 a ta Amurka. Makarantun tsarin Ingila da ranar haihuwa suke aiki, kuma a Ingila 31 ga Agusta ce iyaka. A ɗauki yarinya 'yar shekara 10 da ta fito daga makarantar kuɗi a Kaduna, inda aka saba tsallake aji shida na firamare. A gida ana shirin ɗinka mata kayan ƙaramar sakandare. Mahaifinta ya ajiye sakamakonta a kan tebur, duk ta zo ta ɗaya ko ta biyu, jami'ar karɓar ɗalibai kuma ta buɗe fasfo, ta duba ranar haihuwa, ta rubuta aji na 6 na firamare. A wurin uban an mayar da 'yarsa baya. A wurin makarantar an sa ta cikin sa'o'inta ne, kuma mafi yawan lokuta makarantar ce ke da gaskiya: yarinyar da ta zo sabuwar ƙasa, da sabon lafazi a kunnenta, ba ta buƙatar a ƙara mata nauyin zama ƙaramar aji.

Kalandar ma ba ɗaya ba ce. Makarantun Ingila da Amurka da Faransa a Agusta ko Satumba suke buɗe shekara, na Indiya da Japan a Afrilu, na Afirka ta Kudu da Ostireliya a Janairu ko farkon Fabrairu. Ƙaura tsakanin waɗannan na nufin yaro ya maimaita watanni ko ya tsallake su.

Yadda ake gane makarantar kirki

Tantancewa daga waje ita ce shaida ta farko. Majalisar makarantun ƙasa da ƙasa ta CIS, mai hedikwata a Laidin ta ƙasar Holan, da hukumomin Amurka irin su NEASC da WASC da Cognia, suna aika masu duba makaranta su zauna kwanaki, kuma suna dawowa bayan 'yan shekaru. Gwamnatin Birtaniya na da nata tsarin duba makarantun da ke kiran kansu na Birtaniya a waje. A nan akwai bambanci tsakanin zama mamban ƙungiya da samun tantancewarta, haka kuma izinin zama cibiyar jarrabawar Cambridge ba shaida ba ce kan ingancin koyarwa. Sunan makaranta a shafin hukumar da kanta ake nemansa.

Dubai ta sauƙaƙa wa iyaye wannan aiki fiye da yawancin birane. Hukumar KHDA, da aka kafa a 2006, ta fara duba makarantu masu zaman kansu a 2008, tana ba su matsayi hawa shida daga mafi inganci zuwa mafi rauni, tana kuma wallafa cikakken rahoton kowa ya karanta. Abu Dabi na da irin wannan a ƙarƙashin hukumar ADEK. Rahoton ya fi matsayin amfani, domin a cikinsa ake ganin makarantar da ta yi fice a sakandare amma firamarenta na tangal-tangal.

Duk da haka gani ya kori ji. Ziyara a ranar karatu, ba ranar da aka share ko'ina don baƙi ba, tana nuna abin da takarda ba ta nunawa. Littafin rubutun ɗalibi da aka ɗauka a kan benci zai nuna ko malami na dubawa yana gyara, ko kuwa shafuka goma sun wuce ba alƙalaminsa. Lokacin tara kuma a dubi filin wasa: yara na cakuɗe ne, ko kowace ƙabila ta ja gefe? Tambayar da ta fi tona asiri ita ce malamai nawa suka tafi bara, da shekarun da shugaban makarantar ya yi a kujerarsa. Malaman ƙetare galibi kwangilar shekara biyu suke sa wa hannu, kuma makarantar da ke sauya kashi ɗaya cikin uku na malamanta duk shekara ba ta iya riƙe wani tsari. Idan an nuna sakamakon jarrabawa, a tambayi ɗalibai nawa aka bari suka zana, domin wasu makarantun kan janye masu rauni don alƙalumansu su yi kyau.

Batun tsaron yara ba abin jin kunyar tambaya ba ne. A 2014 aka gano wani malami Ba'amurke da ya shekara da shekaru yana cin zarafin ɗalibai a makarantun ƙasa da ƙasa na ƙasashe da dama, yana tashi daga wannan zuwa waccan da takardun yabo. Abin ya sa manyan ƙungiyoyin harkar suka kafa kwamitin haɗin gwiwa kan kare yara a shekarar. Makarantar kirki za ta faɗi sunan jami'in da ke kula da wannan, da yadda take binciken tarihin duk wanda ta ɗauka, har direba da mai gadi. Iyayen yaro mai buƙata ta musamman, kamar mai wahalar karatu ko galahanga, su bayyana halinsa tun farko su ji abin da makarantar za ta iya, domin wasu kan ɗora wa iyaye albashin mai taimaka masa a aji.

Kuɗi

A Dubai kaɗai kuɗin shekara na kamawa daga ƙasa da dirhami 10,000 a wasu makarantun Indiya zuwa sama da dirhami 100,000 a manyan na Ingila da IB. Adadin da ke kan takardar talla kuwa somin-taɓi ne. Akwai kuɗin cike takarda da ba a mayarwa, da kafin alƙalami na riƙe gurbi, da motar makaranta, da yunifom da ba a saye sai a shagonsu, da kwamfutar hannu, da tafiye-tafiye, da kuɗin jarrabawar ƙarshe da ake biya darasi-darasi. A Hon Kon wasu makarantun har wani babban kuɗin ajiya suke karɓa kafin a ba yaro gurbi. Kuɗin kuma hawa yake yi da hawan aji, saboda haka lissafin gaskiya shi ne na shekarar da yara uku za su kasance a sakandare lokaci guda.

Ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya da na jakadanci da na manyan kamfanonin mai kan sami tallafin karatun 'ya'ya, amma yawanci yana da iyaka a adadin kuɗi, wani lokaci da adadin yara, kuma yana tsayawa ranar da aiki ya tsaya. A Saudiyya, tun Yulin 2017 baƙon ma'aikaci a kamfani mai zaman kansa ke biyan haraji kan kowane mutum da ke ƙarƙashin izinin zamansa. Ya fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu na biyan riyal 24,000 a shekara kafin a zo maganar makaranta, kuma wannan ya sa iyalai da yawa suka mayar da yara gida. Wanda kuɗinsa daga Najeriya ke fitowa ya ga abin da ya faru bayan an saki naira a Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin watanni. Dirhami da riyal a ɗaure suke da dala, don haka kuɗin makaranta ya ninka masa har sau uku ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba.

Harshe, addini da sanin asali

Yaro na kama Turancin wasa cikin sauri, har iyaye su ɗauka an gama. Binciken Jim Cummins na Kanada ya nuna cewa harshen hira kan samu cikin kimanin shekara biyu, amma harshen karatu, wanda ake rubuta bayani da warware tambaya da shi, kan ɗauki biyar zuwa bakwai. Yaron da ya fito daga tsarin Faransanci ko Larabci zuwa na Turanci yana buƙatar malamin tallafi na musamman, kuma a tambaya ko kuɗinsa dabam ne.

Abin da ya fi saurin salwanta shi ne harshen gida. Cikin shekara biyu sai a ga ana yi wa yaro magana da Hausa yana amsawa da Turanci, idan aka miƙa masa waya ya gaida kakarsa sai ya tsaya a "lafiya lau" ya mayar. Babu makarantar ƙasa da ƙasa da za ta ɗauke wa iyaye wannan aiki, ko da yake difilomar IB na da hanyar da ɗalibi zai nazarci adabin harshensa na uwa da taimakon malami daga waje. Masaniyar zamantakewa Ruth Hill Useem, wadda ta yi nazarin iyalan Amurkawa a Indiya a shekarun 1950, ita ta fara kiran irin waɗannan yara 'ya'yan al'ada ta uku: ba su zama 'yan ƙasar da suka girma ba, ba su kuma cika zama 'yan ƙasar iyayensu ba. Suna da saurin sabo da mutane da buɗaɗɗen tunani, amma rabuwa da abokai a kai a kai na yi musu ciwo, kuma tambayar "kai ɗan ina ne?" kan yi musu wuyar amsawa.

A fannin addini ƙasashe sun bambanta. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa doka ta wajabta darasin addinin Musulunci ga duk ɗalibi Musulmi, da Larabci ga kowa har zuwa wani mataki na sakandare, ko wace manhaja makarantar ke bi. Makarantun Faransa kuwa ba ruwansu da koyar da addini. A Turai da gabashin Asiya sai iyaye sun tambaya da bakinsu: akwai wurin sallar azahar, abincin rana halal ne, an yarda da ɗankwali ko hijabi a cikin yunifom, yaya ake yi da darasin iyo ga 'yan mata, yaya ake yi da wasanni a watan azumi? Makarantar da ke tashi ƙarfe uku da rabi, ga tafiyar awa guda a mota, ga aikin gida, ba ta bar wa islamiyya ko hadda wani lokaci ba, don haka nisan makaranta daga gida na cikin lissafin tarbiyya.

Takardu, shiga da fita

Makarantun da ake rububi kan cika tun watanni kafin buɗe shekara, saboda haka ana neman gurbi ne tun kafin a bar gida, a makaranta fiye da ɗaya. Galibi za a nemi sakamakon shekaru biyu na baya, da takardar haihuwa, da katin rigakafi, da fasfo da izinin zama, sannan a yi wa yaro gwaji. A ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha akan nemi takardar canjin makaranta mai nuna ajin da yaro ya gama, kuma ga wanda ya fito daga Najeriya sai ta bi ta ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje da ofishin jakadancin ƙasar da za a je, kowanne ya buga hatiminsa. Yin wannan a Abuja kafin tafiya aikin 'yan kwanaki ne ko makonni. Yin sa daga waje ta hannun ɗan'uwa kan ci watanni, yaro na zaune a gida.

Sharuɗɗan fita ma a ranar shiga ake karanta su. Makarantu da yawa na neman sanarwar zango guda cur kafin a cire yaro, in ba haka ba a biya kuɗin zangon da ba zai zauna ba, kuma sukan riƙe sakamako da takardar canjin makaranta har sai an biya bashin da ya rage. Tunda izinin zaman iyali a waɗannan ƙasashe a jikin aikin uba ko uwa yake rataye, kuma aikin na iya ƙarewa da sanarwar wata ɗaya ko biyu, iyaye kan ajiye kwafin sakamakon kowane zango, da jerin darussan da aka koyar, da sunan hukumar jarrabawa da lambar manhajar kowane darasi, domin su ne abin da makaranta ta gaba za ta fara tambaya.